Gungumen da Ya Gagari Gatari: Nazari a Kan Faskaren Itace a Landan

Da zarar ganye ya gama zuba a Landan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, za ka riƙa jin kukan injin zarto a unguwanni. Lokacin ne masu gyaran bishiya kan ɗaura igiya a ƙugu su hau sama su rage rassa, ko su kayar da wadda cuta ta cinye. Ƙananan rassa injin niƙa ake zuba wa, nan take ya mayar da su ɓarɓashi. Manyan gumagumai kuwa kaya ne a wuyan ma'aikatan, domin kwashe su da zubar da su kuɗi ne, shi ya sa sau da yawa in mutum ya roƙa sai a juye masa su a ƙofar gida kyauta. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, inda ake sayen itace dami-dami har a ja ciniki a kan ƙirare, ba zai ga irin wannan tsibi ya wuce bai ji wani abu a ransa ba. Ƙidayar da aka yi a 2015 ta nuna bishiyoyin Landan sun kai miliyan 8.4, kusan ɗaya ga kowane mazaunin birnin, don haka gungume ba ya yankewa.

Sai dai kyautar ba ta zuwa salin-alin. Da yawa daga cikin gumaguman nan, in ka ɗaga gatari ka sauke da iya ƙarfinka, ko dai ya yi tsalle ya dawo maka, ko ya nutse ya maƙale har ka sha wuyar zare shi. Tambayar wannan nazari ke nan: in mutum ya nace sai ya faskara irin wannan itace da hannunsa don ya ɗumama ɗaki, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? A ganina, ga yawancin mazauna Landan ba ta biya. Mutanen da suka rayu da itace a wannan birni shekaru ɗaruruwa sun gane haka tun tuni, har suka tsara dazuzzukansu yadda ba za su riƙa karo da matsalar ba.

A fara da jikin itacen. Itace tarin jijiyoyi ne dogaye da suka miƙe daga saiwa zuwa sama, a manne da juna. Datse su a gicciye aiki ne mai wuya, raba su ta tsawonsu kuwa abu ne mai sauƙi. Saboda haka a faskare ba yanka gatari yake yi ba. Buɗe tsaga kawai yake yi, tsagar ta ruga gaba da kanta. A itacen ash, wanda Turawa suka fi yabo a murhu, jijiyoyin a miƙe suke kamar karan dawa a dami, sara ɗaya ko biyu ya dare. Akwai kuma itatuwan da jijiyarsu kan murɗa ta dama na wasu shekaru, sannan ta juya hagu na wasu shekaru, har cikin gungumen ya zama kamar igiyar da aka tufka. Tsaga in ta taso ba ta samun hanya, domin kowane zobe yana riƙe da na kusa da shi. Haka itacen elam yake. Haka kuma filen yake, bishiyar nan mai ɓawo dabbare-dabbare da ta cika titunan tsakiyar Landan, wadda wasu tsofaffinta a dandalin Berkeley tun 1789 aka dasa su. Mu ma mun san wannan hali a jikin maɗaci da darbejiya da tsamiya.

Bishiyar birni ta fi ta daji taurin kai, kuma da dalili. Wadda ta tsiro a kurmi tana tseren neman rana da maƙwabtanta, sai ta miƙe sambal, rassanta na ƙasa su mutu tun suna ƙanana. Ta bakin titi kuwa ita kaɗai ce a fili, tana fitar da reshe ta ko'ina, kuma kowane reshe ƙulli ne a cikin gangar jiki, wurin da jijiyoyi suka kewaye suka cuɗe. Ƙari a kan haka, ana aske wa filen kai duk bayan 'yan shekaru don kada ya taɓa gini ko ya tare fitila, sai wurin askin ya kumbura ya zama dunƙule irin na ɗan dambe. Ga kuma ƙusa da waya da guntun shingen ƙarfe da itacen ya haɗiye shekaru hamsin da suka wuce, waɗanda sai bakin gatari ko haƙoran zarto sun ci karo da su ake sanin suna nan.

Turawan zamanin baya ba su ɗauki wannan gardama ta itace a matsayin aibi ba. Domin elam ba ya tsagewa ne suka riƙa yin cibiyar ƙafar keken doki da shi, inda ake kafa sanduna goma sha biyu ko fiye a jikin guntu ɗaya ba tare da ya fashe ba. Da shi suka yi mazaunin kujera da akwatin gawa. Da aka jawo wa Landan ruwan sha ta magudanar New River a 1613, ƙarƙashin jagorancin Hugh Myddelton, gumaguman elam aka huda aka jera a ƙarƙashin tituna a matsayin bututu, kuma suka yi ta aiki har farkon ƙarni na 19 da ƙarfe ya maye gurbinsu. Masassaƙin ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ba don komai yake neman ƙirya ko maɗaci in zai sassaƙa turmi ba, sai don itacen zai sha dukan taɓarya shekara da shekaru bai dare ba. Itacen da ya gagari mai faskare shi ne abin neman masassaƙi. Elam dai ya yi ƙaranci yanzu, domin cutar da ta ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ta kashe fiye da miliyan 25 a Birtaniya, kuma a wancan lokaci ne mutane da yawa suka fara sanin azabar faskara shi, da matattun bishiyoyi suka cika ƙasa.

To da me tsohuwar Landan ta yi girki da jin ɗumi? Wajen shekarar 1300, lokacin da mutanen birnin ba su wuce dubu tamanin zuwa ɗari ba, kusan komai da itace ake yi: gashin burodi, dafa giya, girki, ɗumama ɗaki. Ana lodinsa a jiragen ruwa ta kogin Tems, daga garin Henley da tuddan Chiltern ta yamma, daga Kent da Essex ta gabas. Mafi yawan wannan kaya rassa ne da sanduna da aka ɗaure dami-dami. Masanin tarihin dazuzzuka Oliver Rackham, a littafinsa na 1986 kan tarihin karkarar Birtaniya, ya jaddada cewa mutanen da sun raba amfanin daji gida biyu: manyan bishiyoyi na katako da gini, sai tohon ƙasa na wuta. Akan sare bishiya daga gindi, kututturen ya fitar da toho da yawa, bayan shekara goma ko ashirin a dawo a girbe sanduna masu kaurin damtse, kututturen ya sake tohowa. Sanda mai wannan kauri ba ta bukatar faskare; datsa ta kawai za a yi ta bushe. Har yau wanda ya shiga dajin Highgate ko na Queen's Wood a arewacin birnin zai ga tsofaffin kututturan honbim masu jiki uku ko huɗu daga gindi ɗaya, shaidar wancan tsari. Da birnin ya ninka girma itace ya yi tsada, sai aka koma kwal, har wani marubuci, John Evelyn, ya rubuta littafinsa na kukan hayaƙin Landan a 1661.

Dajin Epping, a arewa maso gabashin birnin, shi ya fi fito da wannan batu fili, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Talakawan garin Loughton suna da wani tsohon haƙƙi na saran rassa a dajin, daga tsakar daren 11 ga Nuwamba zuwa 23 ga Afrilu na kowace shekara. Ba sa taɓa gangar bishiyar. Sama da tsayin mutum suke sara, inda bakin shanu da barewa ba zai kai ga sabon toho ba. Mafi yawan bishiyoyin honbim ne, itace mai nauyi da tauri, mai garwashi kamar na marke, wanda in ya girma ya zama gungume sai namijin gaske. Amma su ba sa barinsa ya kai haka. A 1865 mai ƙasar wurin, wani limamin coci mai suna John Whitaker Maitland, ya killace fiye da eka dubu ta dajin. Wani lebura, Thomas Willingale, ya ƙi daina sara, aka ɗaure wasu daga cikin danginsa, magana ta kai kotu, shi kuwa ya rasu a 1870 ba a gama ba. Rigimar ta taimaka wajen kafa dokar 1878, wadda ta hana killace dajin ta kuma damƙa shi a hannun hukumar tsohon birnin Landan. Sai dai a cikin sasantawar an soke haƙƙin saran, aka biya mutanen diyya, aka gina musu wani zaure da ake kira Lopping Hall, wanda aka buɗe a 1884 kuma yana nan har gobe. Abin lura shi ne yadda bishiyoyin suka koma bayan an daina aske su. Rassan da a da yaro zai iya ɗauka a ka suka yi ta kauri fiye da shekara ɗari, har kowane ɗaya ya zama bishiya a kan bishiya, nauyinsu yana tsaga uwar bishiyar gida biyu. Gungumen da ke gagarar gatari a yau, sau tari, reshe ne da aka bari ya wuce lokacin yankansa.

Manoman jihar Maraɗi sun kai ga wannan fahimta ta tasu hanyar. Tun farkon shekarun 1980, da wani mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankali ga kututturan da ke raye a ƙarƙashin gonaki, sai aka koma barin toho lokacin sassabe, a zaɓi sanda biyu ko uku a rene su, a rage sauran. Gawo da sabara da kalgo suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, bisa ƙiyasin masu bincike, kuma itacen girkin da uwargida ke samu daga wannan ragi na shekara-shekara ba ya neman gatari babba.

Yanzu a zo ga lissafi. Kilo ɗaya na busasshen itace, wanda laimarsa ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari ba, yana ba da zafi kimanin yunit huɗu, irin yunit ɗin da mitar lantarki ke ƙirgawa. Wannan kusan ɗaya ne a kowane irin itace. Bambancin yana ga nauyi, domin gungumen honbim ya kusa ninka na itace mara nauyi mai girma ɗaya da shi. Mai faskare kuwa, ko ya yi sharkaf da gumi, abin da jikinsa ke ƙonawa a awa guda bai fi rabin yunit ba. Ta wannan ma'auni babu gungumen da ba ya biya, domin kilo ɗaya ya mayar da ƙarfin yini guda. Shi ya sa ɗan Adam ya daɗe yana faskare.

Ma'aunin lokaci ne ke juya maganar. Mu ƙaddara mutum ya samu miƙaƙƙen ash, ya faskara abin da zai ba da kilo 150 in ya bushe, cikin awa ɗaya. Mu ƙaddara kuma a ƙullin filen kilo 25 ya iya fitarwa a awar. Murhun ƙarfe mai ƙofa na zamani yana shigar da kusan kashi uku cikin huɗu na zafin cikin ɗaki, don haka kilo 25 ya zama yunit 75. A 2024 da 2025 yunit na gas a Birtaniya ya kasance wajen fenni shida zuwa bakwai, ke nan ladan awar wajen fam biyar ne, alhali mafi ƙarancin albashi a hukumance a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa. Ash kuwa ya ba da wajen fam talatin. Alƙaluman saurin aikin misali ne nawa, kowa na iya sa nasa, amma tazarar ba za ta rufe ba. Kuma ban sa lokacin datsa da zarto da ɗauka da jerawa ba, ballantana ƙotar da ta karye ko ƙugun da ya riƙe. In murhun buɗaɗɗe ne irin na tsofaffin gidaje, wanda mafi yawan zafinsa ke bin bututun hayaƙi ya fice, ribar ta ƙara raguwa ƙwarai.

Wani zai ce, to a jefa gungumen a wuta yadda yake mana, kamar yadda ake yi a gindin bishiya lokacin ɗari. A nan yanayin Landan ke shigowa. Sabon yanka kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma zafin da yake bayarwa bai fi rabin na busasshe da kaɗan ba, domin wutar sai ta fara dafa ruwan ta kore shi. Ruwa yana fita ta bakin jijiya, wato ta inda zarto ya yanka, fiye da sau goma a kan yadda yake fita ta gefe, ɓawo kuma rufi ne. Babban amfanin faskare ke nan: buɗe wa iska ƙofa. A Kano hunturu kaɗai ya isa ya tsotse itace cikin 'yan makonni. A Landan iska kanta a jiƙe take mafi yawan shekara, itace mai nauyi da aka faskara yana bukatar bazarar Turawa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin rumfa, wanda ba a faskara ba kuwa yana iya shekara uku cikinsa da ruwa, ko ya fara ruɓa kafin ya bushe. Ba a fafe gora ranar tafiya: itacen da za a ƙona bana na bara ne ko na bara waccan. Gida matsakaici a Birtaniya yana cin gas yunit 11,500 a shekara, bisa ma'aunin da hukumar makamashi ta Ofgem ta fitar a 2023. Mai son ya maye wannan da itace yana bukatar fiye da tan uku a shekara, da wurin ajiye ninki biyu na haka. A birnin da mutane ke biyan haya mai tsada a kan ɗaki ɗaya, wa ke da wannan fili?

Sannan ga hayaƙi, wanda a wurina ya fi duk sauran dalilan nauyi. Landan ta san kuɗin da ake biya a kansa. Daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin. Ƙiyasin farko ya ce mutum dubu huɗu suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen dubu goma sha biyu. Daga nan aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, kuma yau kusan duk birnin yana cikin yankin da aka hana fitar da hayaƙi ta bututun gida. Ba a yarda a ƙona itace a ciki ba sai a murhun da hukuma ta tantance, kuma dokar muhalli ta 2021 ta ba ƙananan hukumomi damar cin tarar fam 175 zuwa 300. Tun Mayun 2021 an hana sayar da itace ƙanƙanin awo a Ingila in laimarsa ta wuce kashi 20. Amma dokar sayarwa ba ta kai ga gungumen kyauta da mutum ya faskara a bayan gida ba, kuma shi ne ya fi yiwuwa ya shiga wuta da sauran ruwa, domin wanda gatari ya gajiyar yakan bar guntayen da kauri. Jiƙaƙƙen itace yana cin wuta a hankali, yana tara kwalta a bututu har ta kama da gobara, yana kuma fitar da ƙananan ƙwayoyin ƙura da masana ke kira PM2.5, masu ratsa huhu su shiga jini. Rahoton babban likitan gwamnatin Ingila, Chris Whitty, na 2022 ya nuna cewa ko murhu mafi inganci, da busasshen itace, yana fitar da wannan ƙura ninki 450 a kan na'urar ɗumama gida mai gas. Mai murhun shi ke jin ɗumi. Yaron maƙwabci mai ciwon asma shi ke shaƙar sauran.

Ban ce kowa hukuncinsa ɗaya ba. Akwai dubban mutane da ke zaune a cikin kwale-kwale a magudanar Regent da kogin Lea, da yawansu tsadar haya ce ta tura su kan ruwa, kuma ƙaramin murhu shi ne abin da ke tsakaninsu da sanyin Janairu. Akwai wanda tashin farashin gas na 2022 ya matse. Akwai kuma wanda faskaren ne motsa jikinsa da hutun ransa, kuma ba kowace awa ce ake da mai sayenta ba. Ga waɗannan, dabara ta fi ƙarfi amfani. A ware miƙaƙƙun guntaye tun farko. A faskara tun itacen yana ɗanye, musamman bishiyar turare, wadda in ta bushe takan koma kamar ƙarfe. A daina nufar tsakiyar gungume, a riƙa ɓantarar gefe ana bin zobe, kamar mai ɓare albasa. Wanda ya ƙi, a datsa shi gajere-gajere da zarto, faifai mai kaurin tafin hannu, domin gajeriyar jijiya ba ta da abin riƙewa kuma tana saurin bushewa. In kayan ya yi yawa a yi hayar injin faskare na yini guda. Ƙulli da gwafa kuwa a ƙyale su.

Duk lokacin da na yi wannan lissafi sai 'yan faskaren gida su faɗo mini a rai, waɗanda ke zagaya unguwa da gatari a kafaɗa, ko suke yini a bakin tsibin itace a gidan burodi da wurin masu tuwon sayarwa. Tsamiya da darbejiya ba su fi filen sauƙi ba. Abin da ya sa aikin ke ci gaba a can shi ne arhar guminsu da tsadar gas da kananzir, don haka tazarar da ɗan Landan ke gani a takarda, su a kafaɗa da ƙugu suke ɗaukarta. Sau da yawa kuma jinga ake yi da su a kan tsibi, ba tare da an duba ko miƙaƙƙe ne ko mai ƙulli ba, alhali aikin wani ya ninka na wani sau biyar. Mai ba da aikin da ya san jikin itace ya kamata ya sa wannan a cikin ciniki.

Gungumen da aka ƙyale a Landan ba asara ya zama ba. Filen in aka tsaga shi da zarto ta fuskar da ta dace yana fitar da zane ɗigo-ɗigo kamar leshi, kuma akwai kafintoci a birnin da ke karɓar bishiyoyin titi da aka kayar su yi tebur da akushi da su. Wanda bai kai wannan daraja ba yana da wani mai jiransa. Kudanci da yammacin Landan na cikin wuraren da suka rage wa wani babban ƙwaro mai ƙaho irin na barewa, wanda ya yi ƙaranci a sassa da yawa na Turai, har kasancewarsa na cikin dalilan da suka sa aka ba gandun Richmond da filin Wimbledon da dajin Epping kariya ta musamman. Tsutsarsa a cikin ruɓaɓɓen itace take rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, shekara uku zuwa bakwai, shi ya sa masu kula da gandayen suka daina kwashe matattun bishiyoyi, suke kuma hana mutane ɗiba. Mai ɗan fili a bayan gida yana iya haƙa rami a inuwa, ya kafa ƙullin nan a tsaye, rabinsa a binne. Bayan wasu shekaru, da magaribar wata rana tsakanin ƙarshen Mayu da Yuli, namijin ƙwaron zai fito daga gindinsa ya tashi sama yana gunji.